Garin kwakwa ya koya min awo da sikeli

Goggona da ke Fadaman Mada ce ta jefa ni cikin wannan harkar. Likita ya ce ta rage fulawa saboda suga, ita kuma ba ta iya shan shayi gayansa, sai ta ce min 'yar nan tunda kina kek ɗin sayarwa ki nemo min wani abu mana. Na ce to Goggo an gama, na sayo garin kwakwa leda ɗaya da tsadarsa, ina ganin ai gari gari ne.

Ranar farko kofi biyu na zuba kamar yadda nake yi da fulawa, ƙwai uku, madara, na fara juyawa. Wallahi kafin in ɗauko bata kwaɓin ya shanye komai ya koma kamar dambu, na ƙara madara ya shanye, na ƙara ruwa ya shanye, ƙarshe abin da ya fito daga oba ko almajirin layinmu sai da ya kalle ni sau biyu. Ashe shi garin kwakwa zare-zaren dusa ne ya cika shi, yana tsotse ruwa kamar soso, kuma ba shi da wannan danƙon na alkama da ke riƙe kwaɓi, ƙwai ne ke yi masa wannan aikin. Inda za ki sa kofi 1 na fulawa, kwatan kofi zuwa kashi ɗaya cikin uku na garin kwakwa ya isa, kuma kusan kowane kwatan kofi yana son ƙwansa guda.

To daga nan ne rigimar awo ta taso, don wasu masu koyarwa giram suke faɗa wasu kuma kofi. Lissafin da na tsaya a kai shi ne kofi 1 giram 112, rabin kofi 56, kwata 28. Kofi yana cin babban cokalin awo 16, kin ga kowane cokali giram 7 ke nan, shi ya sa in aka ce giram 60 sai in zuba cokali 8 da rabi in wuce. Amma fa akwai kamfanin da ke rubuta 128 a kofi, tazarar giram 16, ya fi cokali biyu, a fulawa ba za ki ma lura ba amma a nan shi ne tsakanin kek mai laushi da wanda zai shaƙe ki.

Sai da na sayi ƙaramin sikeli a kasuwar Wunti na gano rabin laifin hannuna ne. In na luma kofin cikin leda na danna, nauyi daban, in na tankaɗe na zuba da cokali na share bakin da wuƙa, nauyi daban, kofi ɗaya gari ɗaya fa. Da damina ma ya fi yi min wulaƙanci don yana jan danshi ya dunƙule, dole sai an tankaɗe, lokacin hunturu kam wasai yake.

Sannan kofin kansa. Na Amurka wajen mililita 240 ne, akwai kuma na mililita 250, gwangwanin madara da muka saba awo da shi kuwa bai kai ko ɗaya ba, haka cokalin cin abinci na gida kowanne da zurfinsa, kar ki yarda da shi. Na gwada yin garin da kaina ma da abin da ya rage bayan na tace madarar kwakwa, na shanya na niƙa, shi ya fi sakwat kuma bai kai na leda shan ruwa ba, don haka lissafinsa daban nake yi.

Yanzu duk sabuwar leda sai na auna kofi ɗaya a sikeli na rubuta a jikin robar da nake ajiye shi da alƙalamin maka. In na kwaɓa kuma ina barinsa minti biyar ya gama shan ruwansa kafin in ce ya yi ruwa ko ya yi tauri. Na Goggo giram 56 ne da ƙwai biyu zuwa uku, ita ba ta da sikeli sai na ja mata layi a jikin kofin roba, jiya ma ta bugo wai jikokinta sun yi wasa da kofin ya ɓata.