Ma'aunin zafin da aka ɗauka daga Ingila zuwa Mosko

Idan muka zo darasin zafi a aji, nakan tambayi ɗalibaina: da me za ku auna abin da zafinsa ya kai digiri miliyan 10? Duk ƙarfen da aka tsoma ciki zai ƙone, ya kuma gurɓata abin da ake son aunawa.

Filasma nake nufi, wato gas ɗin da ya yi zafi har ilektoron suka rabu da ƙwayoyin zarra. A cikin tokamak, wato na'ura mai siffar zobe da ake gwajin samar da makamashi da ita ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra, ƙarfin maganaɗisu ne ke riƙe shi a tsakiya, yana kewayawa, ba ya taɓa bango.

A 1968, a wani taron masana a birnin Novosibirsk na Tarayyar Sobiyet, Lev Artsimovich na Cibiyar Kurchatov da ke Mosko ya ce tokamak ɗinsu mai suna T-3 ta kai kusan wannan zafin. Masanan Amurka da na Turai ba su gamsu ba, domin ba kai tsaye aka auna ba, lissafo shi aka yi daga wasu alamu. Ni ban ga laifinsu ba. Abin da ke burge ni shi ne amsar Artsimovich: ku zo da ma'auninku ku duba. Ana tsakiyar yaƙin cacar baka fa!

A 1969 ƙwararru daga cibiyar bincike ta Culham a Ingila, cikinsu da Nicol Peacock da Derek Robinson, suka kai na'urar lesa har Mosko. Dabararsu ita ce ta fi kama mini hankali. Sai a harba jan hasken lesa ya ratsa filasma, ilektoron su watso ɗan mitsitsi daga cikinsa gefe. Tun da a guje suke, hasken da suka watso yakan sauya launi kaɗan, kamar yadda ƙarar hon ke sauyawa idan mota ta wuce ka da gudu. Iya zafin filasma, iya saurinsu, iya bazuwar launin. Yawan hasken da ya dawo kuwa shi ke nuna cunkosonsu. Wahalar aikin ita ce tsamo wannan ɗan haske daga cikin hasken filasma kansa da wanda ke faɗowa daga bango.

Awo ya nuna 'yan Sobiyet gaskiya suka faɗa, aka buga sakamakon a mujallar Nature kafin shekarar ta ƙare. A 1970 masanan Princeton ta Amurka suka mayar da babbar na'urarsu ta sitelareta, wata irin na'urar riƙe filasma ta daban, zuwa tokamak, kuma ITER, babbar tokamak da ake ginawa a kudancin Faransa, mai neman digiri miliyan 150, da irin wannan awo na lesa aka tsara ta.