Dangin abarba a tsakar gidana

Tun da na dasa kan abarba a tukunya ya kama, sai sha'awar danginta ta shige ni. Masana na kiran wannan dangi Bromeliaceae, kuma sun haura iri 3,000. Kusan dukansu 'yan nahiyar Amurka ne, in ban da guda ɗaya, Pitcairnia feliciana, da ke tsirowa a duwatsun ƙasar Gini.

Yanzu in mai sayar da furanni ya miƙo min tukunya ba suna, gefen ganye nake fara shafawa. In da ƙaya kamar zarto, hankalina ya tafi kan Aechmea ko Neoregelia. In santsi ne, to Guzmania ce ko Vriesea. Ita Neoregelia ba ta miƙo sandar fure, tsakiyarta ce ke rinewa ja, 'yan furannin na can ƙasa cikin ruwan da ganyen ya tara. Ita na fi so, duk da baƙi sun fi yaba Guzmania.

Wannan ruwan na tsakiya shi ne aikin. Daga nan duk huɗun suke sha, ita saiwar riƙo ne mafi yawan aikinta, ƙasa mai caɓi kuwa ruɓar da ita take yi. Duk mako nake zubar da shi in sa sabo, saboda sauro. Da hunturu kuma sai an riƙa fesa musu ruwa, a inuwa.

Sau ɗaya uwa ke fure, sai ta fara bushewa tana fitar da 'ya'ya a gindi. Aechmea ɗina tana wannan matakin yanzu. Wanda ke da Vriesea ya zo mu yi musaya.