Murafan kwalba da suka hana ni barci

Daren jiya ina ta latse-latsen waya, sai na ci karo da hoton wani abu rataye a bango, yana ƙyalli kamar zanen da aka saƙa da zinariya. Na ɗauka yadi ne. Da na buɗa hoton sosai, ashe murafan kwalabe ne na alminiyam, an buge su sun baje, an huda, an ɗaure su ɗaya bayan ɗaya da siririyar wayar jan ƙarfe. Har rubutun jikinsu ana iya karantawa. Wallahi na daɗe ina kallo.

Aikin El Anatsui ne, ɗan Ghana da aka haifa a 1944, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a jami'ar da ke Nsukka. A 2023 an rataye aikinsa a Tate Modern, gidan baje kolin ayyukan fasaha da ke Landan.

Abin da ya fi taɓa ni, ba ya gindaya yadda za a rataye aikin nasa. Masu baje kolin ne ke lanƙwasa shi yadda suka ga ya dace, don haka duk inda ya je da sabuwar kama yake fitowa.

Tun da asuba na tura wa ƙanwata mai ɗinki. Ku ma ku nemo shi, amma don Allah ku matso da hoton kusa.