Sana'ar kayan gara da wurin zaman cokulan awo

Sana'ata kayan gara ce da na biki: cincin, alkaki, dubulan, nakiya, gireba, sai kek da donot idan an nema. A gida nake yi, a cikin birnin Kano, ba ni da shago. Kicin ɗin da nake tuƙa tuwon dare shi ne wurin aikin, sai rumfar da maigida ya kafa mini a tsakar gida domin suya. Akwai 'yan matan da ke taya ni, wasu kullum, wasu sai aiki ya yi yawa, kamar watan Sha'aban da kowa ke son a kai amarya kafin azumi, ko goman ƙarshe lokacin cincin ɗin sallah. Fulawa da sukari da mai a Singa nake sarowa, filebo da bekin fauda da yis a Sabon Gari, citta da kanumfari a Kasuwar Rimi. A cikin kayan aikina kaf, daga oben har injin murza cincin, cokulan awo ne suka fi araha, kuma su na fi sa wa ido.

Wadda ta koya mini alkaki goggota ce, kuma har ta bar sana'ar ba ta taɓa riƙe cokalin awo ba. Yatsu uku take sawa ta ɗebo, ta dubi kwaɓi ta ce ya isa, kuma ya isa ɗin. Idan an yi mata maganar awo sai ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiyarta, sai dai idon nata ne ita kaɗai, ba ya rabuwa gida uku. Ranar da aka kawo miki aikin gidaje da yawa a mako ɗaya, ke kina bakin kasko, wata tana kwaɓi, wata tana murzawa, dole abin da ke cikin idonki ya koma abin da za ki iya miƙa wa wata ta riƙe. Uwar amaryar da ta ɗanɗana cincin ɗinki a bikin 'yar ƙawarta ta nemo lambarki, wancan ɗanɗanon take biya wa kuɗi. Ba ruwanta da wace yarinya ce ta kwaɓa.

Saitin da aka fi samu cokula huɗu zuwa shida ne a zobe ɗaya. Babba yana ɗaukar mililita 15, ƙarami mililita 5, sai rabin ƙarami 2.5, sai kwata 1.25. Wato ƙarami uku ne babba ɗaya. Wannan lissafin nake fara sa kowace sabuwar yarinya ta haddace, tun kafin ta taɓa fulawa. Cokalin da muke juya shayi da shi kuwa ba awo ba ne. A gida ɗaya sai ki samu kala uku, wani mai zurfi, wani kamar an take shi. Kuma yanzu da kowa ke ɗauko girki a YouTube da TikTok, ya kamata a san ba duk ƙasashe ne awonsu ya zo ɗaya ba. Kofin Amurka bai cika mililita 240 ba, wanda wasu ƙasashe ke amfani da shi 250 ne, babban cokalin Ostireliya kuma 20 ne maimakon 15. A sukari wannan bambancin ba ya kashe kek, amma a bekin soda harshe yana jin sa.

Duk saitin da na sayo, ba ya shiga aiki sai na gwada shi. Sirinji nake saya a kemis, mai mililita 10, in cire allurar, in zuƙo ruwa daidai 5 in zuba a ƙaramin cokali. Idan ruwan ya tsaya daidai baki, ya ci jarrabawa. Akwai na roba masu kyan launi da ruwan ke zuba tun bai ƙare ba, akwai waɗanda ake gamawa da sauran wuri. Na fi son na silba wanda aka zana lambar a jikin ƙarfen, domin na fenti wanki kaɗan ne lambar ta goge, a bar ki kina ɗaga cokali biyu kina gwada wanne ne rabi wanne ne kwata. Idan kuma kin samu mai dogon mariƙi da siririn baki, ɗauki, shi ne ke shiga kwalbar kori da gyaɗar ƙamshi ba sai kin zazzago ba.

Abu na farko da nake yi bayan gwaji shi ne cire zoben. Na san a zoben suka fi kyan gani, kuma ana cewa shi ke hana su ɓata. A wurin aiki wahala ce kawai. Kina auna gishiri da ɗaya, sauran suna lilo cikin fulawa. Ɗaya ya taɓa zuma, sai an wanke duka. Mafi muni, mutum ɗaya ya riƙe saiti gaba ɗaya, sauran su tsaya jira.

Bayan an raba su, sai na kasa su kashi biyu: mazauna da masu yawo.

Mazauna su ne waɗanda kowanne ke da mazubinsa, ba ya barin wurin. Robar gishiri tana da ƙaramin cokalinta a ciki, na roba, saboda gishiri idan ya ji danshi yana cin ƙarfe, ko silba ce sai ki ga ya yi mata ɗigo-ɗigo. Gwangwanin bekin fauda da nasa, gyaɗar ƙamshi da kwatanta. Na yis a waje yake, an ɗaure shi da robali a wuyan kwalbar, domin kwalbar tana shiga firji tana fita, in ta fito tana zufa, ba na son cokali ya kwashi ruwan ya kai ciki. Wannan tsarin yana nufin sayen saiti fiye da ɗaya, kuma za ki tara manyan cokula da ba ki da aikinsu. Ban damu ba. Abin da na samu ya fi: yarinya ba ta buƙatar tunanin wane cokali ake sa wa gishiri, wanda ta tarar a ciki shi ne.

Masu yawo kuwa a bayan ƙofar kabet suke rataye, daga babba zuwa ƙarami. Kafinta na kira ya ɗaura mini ƙananan ƙugiyoyi masu shiga katako. Irin masu gam ɗin nan da ake mannawa suna yi a lokacin sanyi, amma zafin Afrilu na Kano, ga na oben, yana narkar da gam ɗin su zubo. A saman kowace ƙugiya na manna takarda da salatif, an rubuta girman cokalin da lamba. Amfanin rubutun ba ga mai ɗauka kaɗai yake ba. Da yamma idan an gama wanke-wanke, buɗe ƙofar kawai nake yi, ƙugiyar da ke wayam ta gaya mini wanda bai dawo ba, tun kafin a zubar da ruwan wanke-wanke a kwata ko a kwashe shara. Yawancin ƙananan cokulan da ke ɓata a gidaje ta nan suke bi, ko su nutse a buhun fulawa.

Za a ce me ya hana a rataye su a bango inda ido ke gani, kamar yadda ake nunawa a hotunan kicin ɗin Turai. Wanda ya zauna a Kano da hunturu ya san amsar. Ki goge tebur da safe, kafin azahar kin iya rubuta sunanki a kai. Ga tururin man suya da ke bin iska yana kwanciya a kan komai, ƙura ta zo ta manne. Durowa ma ban yarda da ita ba, ƙaramin cokali yana shigewa ƙarƙashin wuƙaƙe da ludaya, ga kyankyaso yana son duhunta. Wata ƙawata ta sayo dogon maganaɗisu ta kafa, sai rabin cokulanta suka ƙi kamawa, domin ba kowace silba ce maganaɗisu ke ja ba. Mai son wannan hanyar ta tafi da cokalinta kasuwa ta gwada kafin ta biya.

Gidaje da yawa a cikin gari ba su da kabet, kicin ɗin ma ɗan ɗaki ne ko lungu a tsakar gida. A nan roba mai murfi ta wadatar. A tsayar da gwangwanin madara wankakke a ciki, a zuba cokulan kai a ƙasa mariƙi a sama, yadda za a karanta lamba kuma hannu ba zai taɓa bakin ba. Sharaɗin ɗaya ne, kada a rufe su da lema.

Inda na fi tsanani shi ne raba na zaƙi da na yaji. Kicin ɗin gida ne, a nan ake miyar kuka, a nan ake kek ɗin amarya. Roba tana riƙe wari. Cokalin da ya shiga daddawa ko tafarnuwa ko kori, ki wanke shi da sabulu har ki gaji, ki sa hanci za ki ji, manja kuma ya bar masa launi. Bota da madara su ne suka fi komai ɗaukar warin maƙwabci. Don haka cokulan miya na ɗiga musu jan farce a mariƙi, kuma ƙofarsu daban. Har yaran gida sun san mai jan ɗigo ba ya zuwa teburin kwaɓi. Haka kuma na hana a ɗauki ƙaramin cokalina a ba yaro maganin tari. Daidai ne mililita 5 yake, amma magani yana zuwa da abin awonsa, a yi amfani da shi.

Ajiya mai kyau ba ta da amfani idan ɗiban bai daidaita ba. Awona shafaffe ne: a ɗebo da tsororuwa, a bi da bayan wuƙa a share. Kusan kowace yarinya da farko sai ta ce, "Anti, ai ɗan kaɗan ne ya hau sama." Sai in sa ta share abin da ya hau saman a faranti ta gani da idonta, sau da yawa ya kusa rabin cokali. Ba a awo a saman kwanon kwaɓi, domin abin da ya zube ciki ba ya fitowa. Busassun kaya ake fara aunawa, masu ruwa daga baya. Jiƙaƙƙen cokali idan ya shiga bekin fauda ya fara tashinsa tun a gwangwani, ya dunƙule, ƙarfinsa ya ragu. A watan Agusta ma ko ba a sa masa ruwa ba danshin iska yana yi masa haka, shi ya sa da damina nake zuba rabin cokali a ruwan zafi kafin babban aiki. In ya yi kumfa nan take yana da rai. Zuma kuma, a fara shafa wa cokalin mai, sai ta sulale gaba ɗaya.

Filebo na fi jin zafinsa a aljihu. Ƙaramar kwalba mai mililita 28 ƙaramin cokali biyar da rabi ce da ɗan ɗigo. Mai tuttulawa da ido ko da murfin kwalba tana iya ƙarar da ita a kwaɓi uku, kek ɗin kuma ya yi ɗaci-ɗaci. Idan kin san adadin cokalin da ke cikin kwalba, kin san nawa za ki sa a kuɗin oda.

Cokali yana da iyakarsa. Girma yake aunawa, ba nauyi ba: ƙarami ɗaya na gishiri mai laushi kusan giram 6 ne, na sukari kusan 4, na yis kusan 3. Gishiri mai tsakuwa ba ya cika cokali kamar mai laushi. Fulawa kuwa ba na auna ta da kofi, tankaɗaɗɗiya da dannanniya ba nauyinsu ɗaya ba, sikeli nake ɗora ta. Idan aiki ya ninku, misali abin da ake sa wa ƙarami ɗaya ya zama goma, ba na bari a tsaya ƙirga goma. A gidan da ake sallama kowane lokaci, ana kai shida wata ta shigo gaisuwa, lissafi ya tafi. Goma babba uku ne da ƙarami ɗaya, kuma na rubuta irin wannan a kwali na manna kusa da ƙugiyoyin. Abin da ya wuce haka sikeli ne. Kowane abu ana auna shi a ɗan kwanonsa kafin a fara kwaɓi, mazubin da aka gama da shi a mayar da shi hagu, wanda ke dama ba a taɓa ba ke nan.

Kanwa ce har yanzu ta fi ƙarfin cokali. Ungurnu daban, jar kanwa daban, ko a iri ɗaya ma wani dunƙulen ya fi wani kaifi. Ina jiƙa nauyi ɗaya a ruwa ɗaya in tace, in auna ruwan da babban cokali, amma duk sabuwar kanwa sai na gwada a ɗan kwaɓi na soya guda ɗaya na ɗanɗana. Yis ma haka: awon da ke tashi cikin ɗan lokaci a watan Afrilu, a sanyin Janairu sai an kai kwanon rana an lulluɓe. Waɗannan biyun ban sakar wa kowa ba tukuna, ni nake tsayawa a kansu.

Sai maganar aro, wadda duk mai zama cikin unguwa ta sani. Yaro zai yi sallama ya ce, "Wai in ji Ummana ki ara mata cokalin kek." Ba a hana maƙwabciya, kuma ba a aika yaro karɓo cokali washegari, abin kunya ne. Saboda haka na ware saiti guda na roba, shi na bar masa zobensa, yana rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin. Shi ke zaga unguwa. Wani lokaci ya dawo cikakke, wani lokaci babu kwata, in na shiga Sabon Gari in sayo wani in rataye.