Godiya ga duk wanda ya tsaya mana bayan guguwar nan

Assalamu alaikum jama'a. Sai yau na samu natsuwar rubuta wannan, dan Allah duk wanda ya kira ban ɗauka ba ko ya turo saƙo ban amsa ba ya yi haƙuri, kwana uku muka yi babu wuta kuma sabis ɗin ma sai an hau tudu. Alhamdulillahi ni da maiɗakina da yarinyarmu lafiyarmu ƙalau, ko ƙwarzane babu.

Ga waɗanda ba su sani ba, a gidan gona muke haya a ƙauye nan jihar Oklahoma ta Amurka inda nake karatun aikin gona. Guguwar nan ba irin tamu ta rani ba ce da ke kwasar leda da kara ta wuce yara suna binta da gudu, wannan daga cikin hadari take saukowa ta taɓa ƙasa tana juyi. Ƙauye ne babu jiniya kusa, waya ce kawai ta yi ƙara, kafin mu gama tattara kanmu sai ga tsohon da muke haya a wajensa yana dukan ƙofa, mutumin da ya haura saba'in, a cikin ƙanƙara ya tako ya ja mu zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ƙarar kaman jirgin ƙasa na bi ta kanmu, kunnuwa suka toshe, ba abinda bakina ke iya faɗa sai innalillahi. Baba tsoho ba ya jin Hausa amma na ce sai na sa shi a farko, Allah ya saka masa.

Da muka fito rumfar shanu babu ita, kwanon rufinmu rabi ya tafi, an tsinci wani a gonar alkamar maƙwabta, shanu biyu sun mutu.

Maƙwabta sun zo tun kafin gari ya waye da tarakta da injin yankan itace, wasu ko sunansu ban sani ba. 'Yan uwa na masallaci sun yi tuƙin sama da awa ɗaya suka kawo janareto da abinci da tamfol, matan cocin ƙauyen kuma suka kawo kayan yara har suna tambaya wane abinci ne ba ma ci. Hajiyata da ta kwana kan sallaya, Yaya babba da Kawu da suka dinga kira, ɗaliban Najeriya da Nijar da suka yi mana karo-karo, wallahi na rasa bakin godiya.

Amma akwai waɗanda nake so in daɗe a kansu, ma'aikatan hukumar yanayi su biyu da suka zo duba ɓarna. Gaskiya da farko raina ya ɓaci, dan na ji sun ce EF2 ce, wato matakin da suka ba ta a ma'aunin ƙarfin guguwa bai ko kusa da na ƙoli ba, ni kuma abinda na ji a ramin nan ban ga abinda ya fi shi ba. Sai ɗayar ta tsaya ta yi min bayani a tsanake duk da suna da sauran gonaki a gaba. Ashe ba iskar ake aunawa kai tsaye ba, ɓarnar ake karantawa sannan a ƙiyasta gudun iskar da za ta iya yin ta. Ma'aunin wani masani ne Ted Fujita ya fito da shi a 1971, aka gyara shi aka fara aiki da sabon a 2007, daga EF0 zuwa EF5, kuma akwai abubuwa iri 28 da suke dubawa, gidaje, rumfunan gona, turakun wuta, bishiyoyi da sauransu. EF2 ɗin nan iska ce mai gudun mil 111 zuwa 135 a awa, wato ta kai kilomita 200 da wani abu in ta yi ƙarfi, kun ga ai ba ƙaramin abu ba ne.

Na bi su ina kallo. Sun durƙusa suna duba ko ƙusa aka buga katakon rufi da ita ko ƙarfe aka ɗaure, ko bangon an kafe shi da noti a jikin siminti ko ɗora shi kawai aka yi, bishiya karyewa ta yi ko tumɓuke ta aka yi, ɓawonta ya saluɓe ko yana nan, kuma ina kowace ta fuskanta da ta faɗi, dan da haka ake bambance guguwa mai juyi da iska mai tafiya miƙe. Rumfar shanu ko ta ɓace gaba ɗaya ba ta iya nuna sama da EF2, saboda iskar da ba ta kai haka ba ma tana rusa ta. To matsalar ƙauye kenan, guguwa za ta yi tafiya mai nisa a fili ba ta samu gini mai ƙwari da za ta nuna ƙarfinta a kai ba. Ma'aikaciyar ta ba ni misalin guguwar da aka yi kusa da garin El Reno a jihar nan, 31 ga Mayu 2013, faɗinta mil 2.6, na'urar rada ta ga iska kusan mil 300 a awa, amma EF3 aka ba ta a ƙarshe dan yawanci gonaki ta bi. Nan jikina ya yi sanyi, na kalli gonar alkamar da ta kwanta a murɗe tsakaninmu da titi.

Sun nemi hotunan da maiɗakina ta ɗauka kafin a fara kwashe tarkace, suka ce sun taimaka musu sosai wajen gane inda ta bi, su ne kuma muka tura wa inshora. Ita ma na gode mata, ni a lokacin ko waya ban iya riƙewa ba.

Yanzu muna ɗakin baƙi a gidan Baba tsoho har a gama rufin, masu aiki sun ce sati biyu in sha Allahu. Yarinyar har yanzu in ta ji iska tana kaɗa taga sai ta ruƙunƙume mamanta, dan Allah ku sa ta a addu'a.