Kafin ka ce "na amsa" a gaban alƙali

Ƙannena samari, musamman ku 'yan majalisar Wunti da Yelwa da Fadaman Mada a Bauchi, da yawanku kun ɗauka sai alƙali ya yanke hukunci wahalar gidan yari ke farawa. Wallahi ba haka ba ne. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukuncin komai ba, jiran shari'a kawai suke, 'yan awaitin kamar yadda ake kiransu a ciki. Ni ma na yi wannan zaman, a kan waya da na saya hannun wani yaro ba rasit ba kwali don na ga araha, ashe ta sata ce, aka bi sawunta har aljihuna. Sayen wayar ganganci ne, amma abin da ya ja min dogon zama shi ne shirmen da na tafka bayan an kama ni.

A caji ofis aka fara. Ɗan sandan da ke bincike ya yi min tambayoyi da Hausa, ya rubuta sitatimen da Turanci, ya miƙo biro ya ce sa hannu nan ka tafi gida, ni kuma da na kwana a sel a tsaye ina jin an ambaci gida na rattaba, ko layi ɗaya ban karanta ba. Sai daga baya na ji ashe takardar ta ce na san wayar ta sata ce na saya. To fa. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka damar yin shiru har sai ka ga lauya ko wani naka da ka zaɓa, kuma shi ne ya ce a kai ka kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kwana biyu. Ka ce a karanta maka abin da aka rubuta, a fassara maka, in ba maganarka ba ce kar ka sa hannu, cikin ladabi dai, ba da ɗaga murya ba, don wurin ba na nuna jarumta ba ne.

Ranar kotu kuma sai wanda ya tsaya a akwatin nan ya san yadda ƙafa ke rawa. An kawo mu da ankwa mutum biyu biyu, aka buga tebur aka ce kotu, kowa ya miƙe, sai rajistara ya fara karanta takardar ƙarar 'yan sanda, wadda suke ce wa FIR, da Turanci da lambobin sashe, ni dai sunana kawai na gane. Aka ce ka fahimta, na ce e, don kunyar a ce ban iya Turanci ba. Wannan kunyar banza ce. Sashe na 36 ya ce a sanar da kai laifin da ake tuhumarka da yaren da kake ji, a ba ka tafinta kyauta, kuma har sai an tabbatar da laifi a kanka doka tana ɗaukarka mara laifi ne.

Nan ne nake so ku tsaya ku ji da kyau. Tun a sel za ka samu masu ba ka shawara cewa ka amsa kawai, tara ce za a ci ka ka koma gida yau yau. Wani lokaci haka ɗin ke faruwa, shi ya sa maganar take shiga kunne. Amma da ka ce na amsa, majistare zai iya kama ka da laifi nan take ba shaida ba komai, kuma babu wanda ya yi maka alkawarin za a ba ka zaɓin tara, ko an ba ka ma ga diyyar mai kaya a gefe. Sannan sunanka ya shiga littafi a matsayin wanda kotu ta taɓa kamawa da laifi, ran da ka je cike fom ɗin soja ko ɗan sanda za ka tarar da tambayar tana jiranka. Ni da niyyar amsawa na shiga, wani lauya da ya zo tasa shari'ar ne ya matso ya tambaye ni ko na san ta sata ce lokacin da na saya, na ce a'a, ya ce to me za ka amsa? In ka aikata kuma ka yanke za ka amsa, wannan daban, amma sai ka san hukuncin da ke kan sashen tukun, kuma kafin a yanke ana ba ka dama ka roƙi sassauci, nan za ka faɗi cewa karonka na farko ne, kana da iyali, ga halin da kake ciki.

An ba ni beli ranar, amma a gidan yari na kwana. Dalili, na hana a gaya wa Baba da yayyena saboda kar a ji a unguwa, alhali sharaɗin belin mai tsaya min ne ma'aikacin gwamnati mai adireshi da za a je a duba, da hotunan fasfo, abokan majalisa kuwa ko ɗaya ba shi da wannan, wasu ma waya suka kashe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka gaya wa gida tun daren farko, su yi faɗansu su gama, su ne dai za su yi ta zirga-zirga a ofishin rajistara.

Zaman ciki ba sai na ja ba. Cunkoso, zafin Bauchi na watan Afrilu, ƙaiƙayi, gabza. Tun 2019 aka canza sunan zuwa gidan gyaran hali, ɗakin dai shi ne ɗakin. Abin da ya fi cin rai shi ne ɗage zama, ka yi wanka tun asuba ka sa kayanka masu kyau a kai ka kotu, a ce mai gabatar da ƙara bai zo da shaida ba ko alƙali ya tafi taro, a sa wata rana, wani lokacin ma babu motar kai ku. A 2021 ma'aikatan kotu sun yi yajin aiki na wata biyu da 'yan kwanaki, duk wanda ke awaitin haka ya zauna. Na tarar da waɗanda ake zargi da fashi ko kisa, majistare ba shi da hurumin shari'arsu, an dai ajiye su ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, wasu sun shekara fayil bai motsa ba, babu mai bi musu. In ba ku da kuɗin lauya akwai hukumar Legal Aid ta gwamnatin tarayya da ke ba talaka lauya kyauta, tana da ofis a jihohi, ku tura wani ya je da lambar shari'ar da sunan kotun. Ni sai a ciki na fara jin labarinta.

Bayan an cika beli na fito, sai na sake yin wani shirmen, na tafi ɗaurin aure Gombe ranar zama ina cewa ai ɗagewa za a yi kamar kullum. Ranar kuwa alƙali ya zauna, aka ba da warantin kama ni, aka nemi kawuna da ya tsaya min ya zo ya yi bayanin dalilin da ba za a ci kuɗin belin a kansa ba. Dattijo da furfurarsa yana ba da haƙuri a gaban kotu saboda ni, har yau gaisuwarmu ba ta koma kamar da ba.

A ƙarshe manya suka shiga, mai wayar ya karɓi abinsa ya janye, kotu ta sallame ni. In taku ta kai nan kar ku fice da murna kawai, ku koma wurin rajistara ku nemi kwafin takardar sallamar mai hatimi ku adana, ku kuma tabbatar an sauke mai belin daga kan takarda.