Leda ba ta tambayar mai saye

Na ajiye aiki a ƙarshen watan jiya, kuma tun daga ranar ƙannenmu da suka gama karatun kimiyya a nan Damagaram suke ta tambayata ko su nemi gurbin da na bari. Gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan ambaci sunan wurin ba. Duk wanda ya taɓa shiga ƙananan masana'antun garin nan da ke daka ganye da saiwa da sassaƙe suna ƙullawa a leda ya san yadda aikin yake, ba sai na ɓata muku lokaci ba.

A kan filasko muka ɓata da Alhaji, mai masana'antar. Ya lura mata na neman maganin rage teɓa, sai ya ce a haɗa garin filasko da citta da ɗan na'ana'a, a ƙulla dala hamsin-hamsin, a rubuta a jiki cewa na gargajiya ne zalla, ba ya da illa, a sha safe da yamma. Ni aka ba rubuta takardar.

To filasko ba ya narkar da kitse. Sinadarin da ke cikin ganyensa, senosid, yana wuce tumbi da ƙaramin hanji jiki bai tsotse shi ba, sai ya isa babban hanji ƙwayoyin bakteriya na cikin hanjin su farfasa shi, sannan ya zaburar da hanjin, ya kuma hana shi shanye ruwa. Shi ya sa wadda ta sha da dare sai wajen asuba cikinta ke fara murɗawa. Abin da take gani ya ragu a sikeli ruwa ne, kuma tare da ruwan nan gishirin potasiyom ke zubewa, wanda zuciya ke bukata don ta buga daidai. Hukumar magunguna ta Turai ta yi magana a kan ɗan'uwan filasko da ake sayarwa a farmasi: kada a wuce miligiram 30 na sinadarin a yini, kada a wuce mako guda ana sha, kada a ba mai juna biyu ko mai shayarwa ko yaron da bai kai shekara 12 ba. Wannan na taƙaita na rubuta da Hausa da Faransanci, layi huɗu kacal.

Alhaji ya karanta, ya cire tabarau. "Malama, aiki kika zo yi mini ko kashe mini kasuwa? Kakanninmu na shan filasko tun ba a haifi Nasaran da ya rubuta littafinki ba."

Na ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe, amma ba su sha shi safe da yamma wata guda ba."

Ya ɗauki biro ya soke layukan nan ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tsohuwar da ke kawo mana ganyen daga wajen Mirriya ta fi shi sanin wannan, ita da ba ta taɓa zama a aji ba. Na sha tsugunawa kusa da tabarmarta a kasuwar Dole. Mace ta zo neman filasko, Inna ba ta taɓa buhu sai ta ƙare mata kallo tukuna. "Ɗiyata, kina da ciki? Kina goyo?" In ta gamsu sai ta tsakuro da yatsu uku, ta kakkaɓe rabi ya koma buhu, ta ce a jiƙa a sha da dare, gobe kada a yi nisa da gida, kuma kada a ƙara. Duk abin da Turawa suka rubuta yana cikin tambayoyin nan nata. Mu da muka ce mun zamanantar da maganin gargajiya, mun ɗauki ganyen mun bar bakin tsohuwar a kasuwa. Leda ba ta tambayar kowa ko tana da ciki. In takardar jikinta ba ta faɗa ba, ba mai faɗa.

Ba a daɗe ba wani magidanci ya zo yana faɗa a ƙofa. Matarsa ta yi makonni tana shan shayin nan namu na rage teɓa, ƙafafunta suka riƙa ɗaurewa, har sai da aka yi mata ƙarin ruwa a asibiti. Alhaji ya ba shi haƙuri, ya biya kuɗin magani, sannan ya tara mu duka har da masu daka, ya ce ƴar boko ce ta yi kuskuren awo. Littafin awon yana hannuna, kowane buhu da kwanan watansa da nauyinsa. Na miƙa masa, bai ko buɗe ba. Kuɗin nan kuma daga albashina aka zare su.

Kada wani ya ɗauka raina maganin gargajiya nake yi. Artemisinin da ke cikin ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro da ake ba ƴaƴanmu in zazzaɓin ya kama su daga ganye aka ciro shi, kuma Tu Youyou, ƴar ƙasar Sin da ta samu kyautar Nobel a 2015 saboda shi, a wani tsohon littafin maganinsu ta ga an ce a jiƙa ganyen cikin ruwa a matse, ta gane zafi ne ke lalata sinadarin. Ta saurari magabata, sannan ta auna.

Sauran abin da na koya ba shi da yawa. Ganyen da aka shanya a inuwa ya fi na rana riƙe ƙarfinsa, kuma ganyen wannan buhu ba lalle ƙarfinsa ya zo ɗaya da na wancan ba. Buhun da ya sha danshin Agusta ya yi hunhuna, a zubar da shi, domin tafasawa ba ta kashe gubar hunhuna. Tanin ɗin bagaruwa da majemanmu ke jeme fata da shi, shi ne ke tsayar da gudawa, shi ne kuma ke hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, don haka ba abin ɗora mai ƙarancin jini a kai ba ne. Zaƙami da ƙaron tumfafiya kuwa, ko an ce ku sa kaɗan, ku ce a'a.

Wanda ya ga zai iya, ya je ya nemi aikin, ana koyon abubuwa. Amma ya riƙa ɗaukar hoton littafin awo a wayarsa kowace yamma, kuma duk takardar da maigida ya gyara, ya sa shi ya sa hannu a ƙasa. Ni na yi na farkon, na biyun ne bai yarda ba. Shayin yana nan a shaguna da takardarsa yadda Alhaji ya so ta, albashina na watan ƙarshe kuma an ce in dawo bayan Salla.